Teburin Gindin Taga

Shekarunta sittin da takwas, 'ya'yanta huɗu, jikoki tara, kuma ita ce babba a cikin mutum ukun da suka kafa ƙungiyar masu sana'ar hannu da ke tsohon garejin nan na bayan tashar mota. Sana'arta saƙar kwando. Kowa Goggo yake ce mata, har mai gidan da suke haya, wanda ya girme ta. Mutum ɗaya ne kawai ba ya kiranta haka, wato ƙanin marigayi mijinta, mai walda. Shi Yaya yake ce mata idan yana son wani abu, Shugaba kuwa idan faɗa yake nema.

Ƙungiyar tana da dogon suna a takardar rajista, amma duk wanda na tambaya a cikin garejin bai kawo shi daidai ba. A gari Wa-Ya-Sa-Ka ake ce mata. Idan ka gaya wa direban tasi haka, a bakin ƙofar zai sauke ka.

Sunan yana da asali. Shekara talatin da suka wuce, Goggo tana saƙa wa wani ɗan kasuwa kwandunan wanki, duk iri ɗaya, girma ɗaya, kowanne da hannu biyu. Wata rana kabar da ta jiƙa ta yi saura, ba ta so ta bushe a banza, sai ta ci gaba da saƙa ba tare da ta nufi komai ba. Abin ya fito da ƙaton ciki da dogon wuya a karkace, bakinsa ko hannun jariri ba zai shiga ba. Ta haɗa shi da sauran kayan ta kai. Ɗan kasuwan ya ɗaga shi, ya juya, ya leƙa ciki da ido ɗaya.

"Me ake zubawa a nan?"

"Ba komai."

"To wa ya sa ki?"

Ta dawo da shi gida a hammata, ranta a ɓace. Mijinta kafinta ne, mutum marar yawan magana. Ya daɗe yana kallon kwandon. Washegari ya ce ta raka shi shagonsa, ya ɗage wani buhu a lungu, sai ga kujera mai ƙafa uku, mazauninta kamar tafin hannu a buɗe. Ya jima da yinta, bai taɓa nuna wa kowa ba. Ƙaninsa mai walda, da ya ga asirin yayansa ya tonu, sai shi ma ya je ya ɗauko wani tsuntsu da ya haɗa da sarƙar keke da tsofaffin cokula.

"Ashe gidan namu duk masu taɓin hankali ne," in ji Goggo, "kowa yana ɓoye nasa."

Su ukun suka kama hayar garejin, lokacin yana cike da baƙin mai da tayoyi. Manufarsu ba ta canza ba har yau, kuma Goggo tana faɗinta ba tare da ta duba takarda ba. "Mu ba makaranta ba ce, ba kuma shago ba. Wanda ya zo nan ya riga ya iya aikinsa. Oda tana ciyar da gida, ban raina ta ba, da ita na yi wa 'ya'yana makaranta. Amma idan shekara da shekaru abin da aka ce ka yi kawai kake yi, hannunka sai ya zama na mai oda. Abin da muke bayarwa wuri ne, da kayan aiki, da rana ɗaya wadda ba wanda zai tsaya a kanka yana tambayar yaushe za a gama."

Ranar ita ce Alhamis. Sauran ranaku kowa yana iya yin aikin odarsa a teburinsa, amma ran Alhamis ba a karɓar oda, ba a taɓa ta, ko mai kaya ya zo da kansa sai dai a ba shi shayi a sallame shi. Tebura goma sha biyu ne, duk Kafinta ya yi su, kowanne da tsayinsa gwargwadon sana'ar da za a yi a kai. Ramin da makanikai suke shiga su duba ƙarƙashin mota yana nan, an rufe shi da katako, a ciki ake ajiye yumɓu saboda sanyinsa. Wurin gasa tukwane yana bayan gini. Zarto da guduma da almakashi suna rataye a bango, na kowa da kowa. Ƙungiyar ba ta neman riba. Abin da aka sayar a baje kolin da suke yi sau ɗaya a shekara na wanda ya yi shi ne, haya da wuta kuwa masu son abin ne suke taimakawa, da waɗanda suka taɓa riƙe tebur suka yi gaba. Waɗannan suna da yawa. Akwai mai koyarwa yanzu a kwalejin fasaha, akwai wadda fitilunta na ƙwarya suke rataye a otal, akwai kuma waɗanda suka koma oda suka manta da hanyar garejin.

Doka ɗaya ce ba a wasa da ita, kuma Goggo ce ta kawo ta. Duk mai tebur sai ya kawo wa baje koli abu ɗaya da ya yi a shekarar, wanda ba kowa ya sa shi ba. Wanda bai kawo ba zai kwashe kayansa, a ba na gaba. Na gaban yana zaune a kan wani dogon benci da ke bakin ƙofa, inda masu jiran tebur suke zuwa ran Alhamis su yi aikinsu a cinya. Wanda ya fi daɗewa shi yake zama daga can ciki.

Dokar ta taɓa cin Mai Walda. Wata shekara odar ƙofofi ta yi masa yawa, ya zo baje koli hannu rabbana. Yana ba da labarin har yanzu kamar jiya aka yi.

"Ni da na kankare baƙin man garejin nan da hannuna! Na ce, Yaya, ki duba zumunci. Ta ce zumunci yana gida, nan benci ne."

"Ai ka fi kyau a bencin," in ji Goggo. "Ka rage surutu."

Teburin Goggo shi ne na gindin taga, ya fi sauran gajarta, domin a kan 'yar kujera take saƙa. Shi Kafinta ya fara yi kafin kowanne. Gefensa na dama ya zaizaye inda take goga wuƙa, aljihunsa kuma ba ya buɗewa sai an ɗan ɗaga shi. Bayan rasuwar mijinta ta gaya wa 'yarta cewa a gida ba ta jin motsinsa, a teburin take ji.

Da rasuwar tasa duk wahalar ƙungiya ta dawo kanta. Ita ce mai zuwa wurin mai gidan haya, ita ce mai rakiyar baƙi masu son taimakawa, ita ce mai raba faɗan wanda ya ɗauki guduma bai mayar ba. Yatsunta kuma suka fara ciwon gaɓɓai, musamman da safe. Ran Alhamis sai ta jiƙa kaba, ta zauna, kafin ta ja zare uku an kira ta. Da yamma ta zubar da ruwan. Shekarar farko baje koli ya zo ba ta da komai. Da aka buɗe ƙofa, sai ga wani kwando na wayar ƙarfe a wurin da aka ware mata. Ta dube shi, ta dubi Mai Walda, shi kuma ya kama kallon rufi.

"Na ce shekara ɗaya ce," ta gaya mini. "Na yi shiru."

Shekara takwas aka yi ana haka. Tsohuwar sakatariyar ƙungiya ce take raba aikin a ɓoye, bana wannan, baɗi wancan. Mai yin abin zai tura shi ƙarƙashin teburin Goggo a cikin buhu kafin ranar tattara kaya, ita kuma ta jawo shi kamar ta san da zamansa. Masu zuwa kallo suka riƙa yaba yadda tsohuwa take canza hannu, bara waya, bana fata, wata shekarar har da igiyar jirgin ruwa. Ba wanda ya taɓa ɗaga maganar a taro.

Bana sakatariyar ta bi mijinta wani gari da aka mayar da shi aiki, ba ta gaya wa sabon sakataren wannan sashe na aikin ba. Kowa ya zaci an manta da Goggo, kowa kuma ya ji kunyar tambaya. Ran tattara kaya, ana saura mako uku a buɗe baje koli, mutane suna tsaye kowa da abinsa a gabansa, Goggo ta sunkuya ta jawo buhu. Ta ji wani a bayansa, ta jawo. Ta sake leƙawa, ta jawo na uku.

Ta kwance su ɗaya bayan ɗaya a kan teburin. Na farko kwandon waya ne, walda ba ta gama hucewa a idon mai kallo ba. Na biyu na yumɓu ne, an zana masa saƙa har da inda zare ya hau kan zare, aikin Maginiya, mai tebur na uku. Na ƙarshe na fata ne da aka yanka siri-siri, warin jima yana tashi, kowa ya san aikin Baduku ne. Su ukun suka yi tsuru-tsuru, kowa yana harar ɗan'uwansa.

"Kai wa ya ce naka ne bana?" Maginiya ta ce wa Mai Walda ƙasa-ƙasa.

"Ke kuma wa ya ce naki? Kwandon da idan ya faɗi sai a share shi da tsintsiya?"

Goggo ba ta kula su ba. Bencin take kallo. A can ciki wata tela ce zaune, Maman Biyu, mai shekara arba'in da biyar, wadda ta shiga shekara ta uku tana jira. Ƙyallayen da suka rage daga ɗinkin mutane take harhaɗawa su zama hoto, faɗin bargo, duk da allura da hannu, domin keken ɗinki ba ya zama a cinya. Ta sunkuyar da kai tana ta ɗinkinta kamar ba ta wurin.

"Maman Biyu, ke kin san da wannan?"

Ta cire zare daga baki. "Goggo, bencin nan gajere ne. Ƙarƙashin tebur muke gani."

Ba wanda ya yi dariya. Goggo ta ce kowa ya ɗauki kayansa ya sa sunansa a kai. Ta ce saura mako uku, idan ta kawo nata shi ke nan, idan ba ta kawo ba doka tana nan inda ta bar ta.

Mai Walda ya bi ta har bakin famfo. "Haba Yaya. Ke da kika kafa wurin? A ɗage miki dokar mana, kowa zai sa hannu."

"Lokacin da aka zaunar da kai a benci, ba kai ka kafa wurin ba?"

"Ni ai yaro ne lokacin."

"Har yanzu yaro ne kai. Matsa, ka tare mini ruwa."

Ta ɗauki abin da gaske. Ta miƙa wa sabon sakataren makullai, ta ce ko garejin ne ya kama da wuta a fara gaya wa Maginiya. Duk da haka ba a bar ta ba. Kwanon rufi ya yi yoyo a kan teburin mai sassaƙa, wasu baƙi suka zo suka ce sai sun ga Goggo da idonsu, aka yi cacar baki a kan wanda zai fara gasa kayansa. Ta riƙa zuwa da sassafe, ta tsoma hannuwanta a ruwan ɗumi har yatsun su saki, sannan ta fara. 'Yarta ta ce a gida ma tana cin abinci tana murza zare a gwiwa.

Ana saura kwana biyu ta gama. Ta ɗora shi a tsakiyar teburin, mutane suka taru. Kwandon wanki ne, mai hannu biyu, gindinsa daidai, bakinsa daidai, ba zare ɗaya da ya kauce. Baduku ya danna shi da tafin hannu, bai ko motsa ba. Ya ce shekara ashirin rabon da ya ga saƙa irin wannan.

"Alhamdu lillahi, magana ta ƙare," in ji Mai Walda. "Sakatare, nemo masa wuri mai haske. Wa ya sa ta? Ba kowa. Doka ta cika."

Goggo ta daɗe tana juya kwandon. Ta gaya mini daga baya cewa ba shi ta nufa ba. Ta so ta saki hannun ya tafi inda ya ga dama, kamar wancan karon, amma duk lokacin da zare ya fara karkacewa sai ta tuna kwanaki suna tafiya, ta mayar da shi kan hanya.

"An sa ni," ta ce musu.

"Wa?"

Ta buga teburin da yatsa. "Wannan. Don kada a raba ni da shi na yi. Oda ce, ba ta da maraba da ta ɗan kasuwa."

Aka yi ta ba ta baki. Maginiya har da hawaye. Maman Biyu da kanta ta taso daga benci ta ce wallahi ita ba ta gaggawa, cinyarta ta saba. Goggo ta miƙa mata kwandon ta ce ta riƙa zuba ƙyallaye a ciki, ta gaji da ganinsu a leda.

An yi baje kolin bana wurin Goggo babu komai. Ta hana a cike shi. Ta tsaya a bakin ƙofa tana yi wa mutane sannu da zuwa kamar kullum, wanda ya tambaye ta ina nata, sai ta ce bana ba ta yi ba, ta nuna masa na wasu.

Litinin ɗin da ta biyo baya ta kwashe kayanta. Ba su da yawa: wuƙa biyu, basilla, bokitin jiƙa kaba, 'yar kujerar, da tsohon kwandon nan mai karkataccen wuya da yake kan taga tun ranar da aka buɗe garejin. Teburin ya yi wa keken ɗinkin Maman Biyu gajarta, sai Mai Walda ya ƙera masa takalman ƙarfe huɗu. Yana aikin yana mita, ita kuma tana tsaye a kansa.

"Idan ka ƙona masa katako, sai na aske maka gemun nan da wuƙar kaba."

"Ke yanzu da wane matsayi kike ba ni umarni? Ko tebur ba ki da shi."

"Da matsayin wadda ta yi maka wanki kana gwauro."

Ta nuna wa Maman Biyu yadda ake ɗaga aljihun kafin a ja. Ta gaya mata rana tana shigowa ta tagar bayan azahar, tana cin launin kaya, ta nemi labule. Ta shafa wurin da wuƙa ta zaizaye, ta ce kada a cike shi, yana da kyau wurin ajiye allura. Daga nan ta tafi gida tun rana ba ta yi sanyi ba, abin da ba a taɓa gani ba. 'Yarta ta ce mako biyu ba ta ambaci garejin ba, ta gyara ɗakinta sau uku, ta addabi jikoki da aski da yankan farce.

Har yanzu ita ce shugabar ƙungiya a takarda, kuma mai gida ba ya yarda ya yi magana da kowa sai ita. Amma makullai suna hannun sakatare.

Alhamis ɗin da ta wuce ta iso kafin a buɗe, da bokitinta, kaba tana jiƙe a ciki. Mutum biyu ne a bencin, wani mai gyaran agogo da wata mai rini. Suka miƙe da sauri za su ba ta can ciki. Ta ce su zauna inda suke, sun riga ta, ta raɓa daga bakin ƙofa inda iska take shigowa. Daga gindin taga keken Maman Biyu yana ta ƙara. Sakatare ya zo da maganar kwanon rufi, ta ce masa yau Alhamis, ba ta ko ɗaga kai ba.

Abin da ke cinyarta bai kai faɗin faranti ba tukuna. Gindin ya fara kamar na kwando, sannan gefe ɗaya ya miƙe ya yi nasa wuri, ɗaya gefen ya lanƙwashe ciki. Mai Walda ya ɗage gilashin fuskarsa, ya zo ya tsaya yana kallo, hannu a ƙugu.

"Shugaba, me za a zuba a nan?"

"Ba komai."

"To wa ya sa ki?"

Ta zaro jiƙaƙƙiyar kaba daga bokiti, ta tsula masa a ƙwauri, sannan ta soka ta a gefen da ya miƙe, ta ci gaba da saƙa.